Babi na Shida: Keke Mai Ƙafa Huɗu a Garin Babura

A Tamale ba a yi wa mutum wa'azin hawa keke. Abin da hukumomin biranen Turai ke zuba maƙudan kuɗi don su shawo kan jama'arsu su yi, mutanen wannan gari sun daɗe suna yin sa ba tare da kowa ya roƙe su ba. Da sassafe, lokacin kai yara makaranta, titin Bolgatanga cike yake da masu ƙafa biyu: malamin makaranta a keke, ma'aikaciyar asibiti a babur, dattijo cikin rigar saƙi ta Dagomba yana taka feda a tsanake. Baƙon da ya zo daga Kano ko Katsina, abin da ke fara ɗaukar hankalinsa shi ne matan. Hajiya da mayafinta ce ke tuƙa babur ɗinta, goyo a baya, yaro ɗaya tsaye a gabanta, wani ya rungume ta ta baya, ga kwandon cefane a rataye. Manyan titunan garin ma an yi su da hanyar keke a gefe, abin da ba kasafai ake gani ba a biranen Afirka ta Yamma, ko da yake masu tireda da masu ajiye motoci sun cinye wani sashe nata.

Wannan hoton na uwa da 'ya'ya uku a kan babur ɗaya yana da ban sha'awa ga mai kallo, amma ga wadda ke riƙe da kan babur ɗin dole ce ta sa. Ƙidayar 2021 ta nuna matsakaicin gida a Ghana mutum 3.6 ne, alhali a Jihar Arewa ya haura biyar. Tamale da Sagnarigu, waɗanda a zahiri gari ɗaya ne, sun tara mutum sama da 700,000, kuma gari sai faɗi yake yi: wanda ya samu fili a bayan Vittin ko Kanvili, aikinsa na tsakiyar gari, makarantar yara na wani gefe, kasuwar Aboabo na wani. Babur ya yi wa iyali kaɗan, mota ta fi ƙarfin aljihu. A wannan giɓin ne keke mai ƙafa huɗu da ke aiki da lantarki yake shigo wa mutane rai, galibi ta hoton bidiyo a waya: wani abu kamar ƙaramar mota, mai rumfa, mai kujerar zama da jingina, ana taka feda injin lantarki na taimakawa, yara biyu ko uku zaune a baya da bel a ƙugu, ba ƙara, ba hayaƙi, ba layin gidan mai.

Kafin a auna shi a Tamale, ya kamata a san matsalar wa aka ƙera shi ya warware.

Keken kaya daɗaɗɗen abu ne a arewacin Turai. A Denmark tun shekarun 1920 masu kai madara da burodi ke hawan dogon keken da ake ɗora kaya tsakanin mai tuƙi da ƙafar gaba. A unguwar Christiania ta birnin Copenhagen, wani maƙeri mai suna Lars Engstrøm ya haɗa keke mai ƙafa uku da akwati a gaba, wanda daga baya ya zama abin kai yara makaranta a duk faɗin birnin, har hukumar birnin ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na iyalai masu 'ya'ya biyu ko fiye suna da keken kaya. Mai ƙafa huɗu kuwa ɗan baya-bayan nan ne, kuma ba don iyali aka fara yin sa ba. Kamfanonin kai saƙo ne suka gaji da cunkoso da tarar ajiye mota a tsakiyar birane. A 2015 kamfanin DHL ya fara gwada wani keke mai ƙafa huɗu na kamfanin Velove na Sweden a garin Almere na Holand, yana ɗaukar akwati mai cin kaya har kilo 125, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba. Wasu kamfanoni a Ingila da Jamus da Norway suka biyo baya, wasunsu suka cire akwatin suka sa kujerun yara.

Asirin abin duka yana cikin wata doka ta Tarayyar Turai. Duk abin hawan da ke da feda, injinsa bai wuce wat 250 ba, kuma injin yana janye taimakonsa da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa, to keke ne a idon hukuma, ko ƙafa nawa gare shi. Ba lasin, ba lamba, kuma yana da ikon bin hanyar keke. Saboda haka masu ƙira suka yi ta ƙoƙarin cusa amfanin mota cikin wannan ƙaramin ma'auni. Siffarsa, ƙarfinsa, gudunsa, har da fedar kanta, duk amsa ce ga tambayar da dokar Turai ta yi. Magidanci a unguwar Lamashegu ta Tamale ba wannan tambayar ce a gabansa ba.

Duk da haka ƙafa ta huɗu ba ado ba ce, kuma ina ganin masu yi mata dariya suna gaggawa. Wanda ya taɓa ganin babur ya zame da uwa da yara a kan yashin da ruwan sama ya jawo bakin kwalta ya san darajar abin hawan da ba ya faɗuwa idan ya tsaya. Ba sai an dire ƙafa a danja ba, ba sai an riƙe nauyi da cinya ba. Mai juna biyu za ta iya tuƙa shi, tsoho mai ciwon gwiwa zai iya, yaro zai iya yin barci a kujera ba fargabar ya sulale. Ya kuma fi mai ƙafa uku tsayuwa a kwana. Keke mai ƙafa uku, musamman mai ƙafa ɗaya a gaba, idan ya sha kwana da gudu nauyi kan tafi kusurwar da ba ta da taya, ƙafar ciki ta ɗaga, abin ya kife. Duk wanda ya zauna a garin da adaidaita sahu ke aiki ya ga haka da idonsa.

Sai dai ƙafa huɗu tana da nata sharaɗin. Tukunya ba ta rawa a kan murhu mai duwatsu uku, komai rashin daidaiton ƙasa, amma ƙara dutse na huɗu sai ka nemi abin tokare ɗaya. Haka abin hawa yake: ƙafa uku kullum suna taɓa ƙasa, ƙafa huɗu kuwa sai hanya ta miƙe sumul, in ba haka ba ɗaya na lilo a sama, gangar jiki na murɗewa. Maganin wannan shi ne a ba kowace ƙafa sifirin da shokozoba nata, a haɗa ƙafafun gaba da sandunan sitiyari irin na mota, a kuma sa na'urar da za ta bar ƙafafun baya su juya da gudu daban-daban a kwana. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarin nauyi ne, ƙarin kuɗi, ƙarin abin lalacewa. A Tamale kwalta ta ƙare ne a manyan tituna. Da ka karya ka shiga unguwa sai jar ƙasa, gargada da rani, zaizaya da taɓo daga Mayu zuwa Oktoba. Babur layi ɗaya yake nema, ya bi ta gefen rami ko ya hau ɗan katakon da aka gitta a kan kwata. Mai ƙafa huɗu layi biyu yake nema a lokaci guda, kuma katakon nan ba zai ɗauke shi ba.

Sai maganar ƙarfi. Wat 250 kusan sulusin ƙarfin doki ɗaya ne a ma'aunin injiniyoyi. Babur ɗin da ya cika gari, mai inji 125, ya ninka shi kusan sau talatin. Gaskiya ne injin keken na iya yunƙurin da ya fi haka na ɗan lokaci, kuma ƙafar mutum na ƙara masa kamar wat 100, ga shi Tamale shimfiɗaɗɗen gari ne ba tsaunuka. Amma a lissafa kayan. Wasu daga cikin kekunan nan sun haura kilo 100 tun ba a ɗora komai ba. Ƙara mai tuƙi, ƙara yara uku, an doshi kilo 250. Sannan ga abin da mai ƙira a Oslo bai taɓa mafarkinsa ba: ruwa. Ruwan famfon Tamale daga kogin Farin Volta ake jawo shi, ta Nawuni da Dalun, kuma ya daɗe da kasa isar garin, shi ya sa rawayar jarkar nan da ake kira galan Kufuor ta zama kayan kowane gida. Jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ke nan cif. Duk abin hawan da ya shiga gida a Tamale sai ya yi ɗiban ruwa, ko mai shi ya yi niyya ko bai yi ba, sai ya ɗauko buhun masara daga ƙauye, sai ya kai gawayi. Da irin wannan nauyin a cikin yashi, injin zai yi zafi, batir ya zube da wuri, mai feda ya jiƙe sharkaf.

Zafin kuwa shi ne babban abokin gaba. A Maris da Afrilu ma'auni kan kai digiri 40 a inuwa. Batirin litiyam, wanda yawancin kekunan lantarki ke amfani da shi, ba a so a yi cajinsa idan zafinsa ya haura digiri 45, kuma ko ajiye shi aka yi cike da wuta a wuri mai zafi, tsufa yake yi da sauri. Batirin da ya yini a rana a harabar kasuwa, aka kawo shi ɗaki mai rufin kwano aka jona nan take, ana rage masa kwana ne. Akwai nau'in da ake kira LFP, wanda ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, yana kuma ɗaukar caji sau dubu biyu ko fiye, inda na gama-gari kan fara gajiya tsakanin ɗari biyar zuwa dubu. Ya fi nauyi, amma a nan ne ƙafa huɗu ke da rana, domin nauyin batir ba ya damun ta kamar yadda yake damun mai ƙafa biyu. Wanda zai saya ya fara tambayar nau'in batir tun kafin ya tambayi launi.

Batun gobara ma ba tatsuniya ba ne. A birnin New York na Amurka, a 2023 kaɗai, mutum 18 suka mutu a gobarar da batiran litiyam suka tayar, akasarinsu na kekuna da ƙananan baburan lantarki, masu araha ko waɗanda aka yi wa kwaskwarima, ana cajinsu cikin gida. A gidan haya mai ɗaki da falo, inda yara ke kwana a tabarma kusa da soket ɗaya tilo, wannan abin tsayawa a yi tunani ne. Kada a yi caji a bakin ƙofar da za a fita ta ita, kada a bar shi a jone a kwanta, kada a ari cajar wani.

Ta fuskar kuɗin wuta kam, lantarki ya yi wa fetur fintinkau. Batir mai volt 48 da amfiya 20 yana riƙe kusan yunit ɗaya na wuta, kuma yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi na iya kai keke mai nauyi tafiyar da babur zai sha lita guda a kanta, kamar kilomita 40. Yunit ɗaya a mitar NEDCo, kamfanin raba wutar arewa da hedikwatarsa ke nan Tamale, bai kai rubu'in kuɗin litar fetur ba. Wanda ya ga ƙarshen 2022, lokacin da lita ta doshi sidi 18, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba, ba ya buƙatar dogon bayani. Amma lissafin bai cika ba sai an sa kuɗin sabon batir bayan 'yan shekaru, wanda da dala ake shigo da shi, sidi kuwa kowa ya san halinta. Akwai kuma ƙaramar fitinar da ba ta shiga takarda: a gidan da ɗakuna takwas ke kan mita ɗaya, ana raba kuɗin wuta bisa ƙwan fitila da fanka da firji, ranar da aka ga ka jona abin hawa za a kira taron 'yan haya. Ɗauke wuta ita ce mai sauƙin ciki. Tun dumsor, wato yawan ɗauke wutar 2012 zuwa 2016, mutane suka koyi yin caji sa'ad da wuta ta samu, rana kuma ba ta yi wa arewa rowa ba ga mai halin sayen faranti biyu na sola.

A gida, tambayar da ke kashe maganar sau da yawa daga uwargida take fitowa, kuma gajeriya ce: "Maigida, ina zai kwana?" Babur ana tura shi ta zaure, a haura dokin ƙofa, a kai shi har tsakar gida ko falo. Abu mai tsawon mita biyu da rabi ko uku, mai faɗin kusan mita, ba ya lanƙwasa a lungun zaure, ba a kuma ɗaga shi. In ya kwana a waje, sai a kwana da ido ɗaya. Tambaya ta biyu daga bakanike take zuwa. A Tamale babu unguwar da ba ta da mai gyaran babur da mai faci, kuma kayan gyaran baburan China da Indiya suna nan jibge a shaguna. Kai masa keken Turai mai birkin mai a ƙafa huɗu, da akwatin sarrafa wuta da ba ya buɗuwa sai da manhajar kamfani, ka ji abin da zai ce: "Alhaji, taya da birki zan taɓa maka, amma wannan akwatin sai dai masu shi." Masu shi kuwa suna Berlin, kayan sai sun sauka a tashar Tema, sun yi tafiyar kilomita 600 zuwa arewa. Wasu kamfanonin ma ƙanana ne, kan su cika shekara biyar sun rufe. Kuma suna ba ya hana ƙarfe karyewa: a Fabrairun 2024 hukumar kiyaye lafiyar kayayyaki ta Holand ta dakatar da sayar da kekunan Babboe, waɗanda iyaye suka fi saye don ɗaukar yara, saboda gangar jikinsu na tsagewa. Wannan a kan titunan Holand ke nan.

Farashi ba ya buƙatar dogon zance. Da yawa daga cikin masu ƙafa huɗun Turai sun haura Yuro 10,000 tun a can, ban da jirgi da kuɗin fito. Kuɗin ƙaramar mota ce ta hannu, ko baburan kaya da dama. Ghana ta ƙaddamar da manufarta ta motocin lantarki a taron yanayi na Dubai a Disamban 2023, kasafin 2024 kuma ya yafe kuɗin fito na shekara takwas, amma ga motocin haya na jama'a da kamfanonin da ke harhaɗawa a cikin ƙasa. Magidancin da ya yi odar guda ɗaya don 'ya'yansa ba shi aka nufa ba. Ya kuma kyautu ya leƙa ofishin DVLA, hukumar lasin da lambar abin hawa, da takardun abin kafin ya biya, domin ko keke ne ko babur ne a wurin hukuma, shi zai yanke maganar lamba da lasin da inshora.

Abin da ya fi komai rage masa kasuwa shi ne gurbin da yake nema akwai masu shi. Kaya masu nauyi na Motor King ne, babur mai ƙafa uku da bodi a baya, wanda ke ɗaukar doya da siminti da shanu, wani lokaci har 'yan biki. Fasinja na yalo-yalo ne, ɗan'uwan adaidaita sahun Kano, wanda ya mamaye titunan Tamale duk da cewa a lokacin dokar hanya ta 2012 ta hana ɗaukar fasinja da babur ko mai ƙafa uku don kuɗi. A cikin kasuwa kuma ga kurar katako mai tayoyin mota huɗu da samari ke turawa. Dukansu suna da abu ɗaya: suna ciyar da kansu. Saurayi na karɓar yalo-yalo a tsarin aiki-ka-biya, yana kai balas har ya mallake shi. A nan abin hawa da ba ya shigo da ko sisi, komai kyansa, sai an yi masa tambayar ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Akwai gwajin da aka yi a Tamale kanta da ya nuna haka. Wajen 2020, Valerie Labi, 'yar Ghana haifaffiyar Ingila da ta zauna a garin tana aikin raya karkara, ta fara ɗaura wa kekuna inji da batir don ɗaukar kaya, a ƙarƙashin sunan Cargo Bikes Africa. Daga baya aikin ya haɗe da wani kamfani mai tushe a Jamus, ya zama Wahu Mobility, da masana'antar harhaɗawa a Accra. Keken da suka tsaya a kansa mai ƙafa biyu ne, mai kaurin taya, mai batir biyu da ake cirewa, kuma manyan masu sayensa masu kai saƙo da abinci ne da ke biya mako-mako daga abin da suka samu. Wato da aka bi sawun kuɗi da hanya, ƙafafu ba su ƙaru ba, kuma mai saye na farko ɗan sana'a ne.

Ni a ganina, ga yawancin gidajen Tamale, mai ƙafa huɗun da aka ƙera don Turai ba abin saye ba ne. Iyali mai yara biyu ƙanana da tafiyar kilomita goma a rana, keken lantarki mai ƙafa biyu da doguwar kujerar baya da matakin ƙafa zai ishe su, ya shiga zaure, mai faci ya san tayarsa. Mai kaya da yawa ya dubi masu ƙafa uku na lantarki da ke fitowa daga China, ya tabbatar akwai mai sayar da batirinsu a gari. Waɗanda ƙafa ta huɗu za ta yi wa amfanin da ba a musu su ne gidan da ke da naƙasasshe ko tsohon da ba ya iya zama a bayan babur, da makarantar unguwa mai kwasar yara shida ko takwas a hanyoyin cikin gari, da ma'aikatan harabar asibitin koyarwa ko jami'ar UDS inda hanya ke da kyau kuma akwai wurin ajiya. Ko su ɗin, ban so in ga abin a kan titin Bolgatanga bayan an wuce gari ba, inda tirelolin Burkina Faso da Nijar ke wucewa: gudun kilomita 25 ya yi kaɗan a shiga sahun motoci, faɗin ya yi yawa a raɓe gefe, kan yara kuma bai kai tsayin tayar tirela ba.

In har mai ƙafa huɗu zai zauna a Tamale, daga hannun masu walda na Lamashegu zai fito, waɗanda suka riga suka saba yi wa Motor King rumfa da benci. Tayoyi da birki da shokozoba su zama na baburan da ke gari, gangar jiki ta ƙarfen da ake iya ɗinkewa da walda, ƙasansa ya ɗaga ya haye kwata, faɗinsa ya bi ƙofar gida, batirin LFP ya zauna ƙarƙashin kujera a inuwa, a cikin akwatin da ƙurar hunturu ba ta shiga, injin kuma ya ninka wat 250 sau uku ko huɗu tunda ba dokar Turai ake bi ba. Irin wannan sai an yi masa lamba da inshora kamar babur, kuma wataƙila fedar ma a cire ta.